Wutar Yaudara: Yadda Jirgin Yaƙi Ke Kuɓuta Daga Makami Mai Bin Zafi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hoton jirgin yaƙi a talabijin yana shawagi a fagen daga, mai yiwuwa ya ga wani abin mamaki. Jirgin na cikin tafiya sai a ga waɗansu dunƙule-dunƙulen wuta masu tsananin haske suna fita daga jikinsa bi da bi, suna jan farin hayaƙi, kafin su mutu a iska. Wanda bai sani ba sai ya zaci jirgin ne ya kama da wuta, ko kuwa harbi yake yi. Alhali kuwa kare kansa yake yi. Waɗannan dunƙule su ne Turawa ke kira fileya, a wannan darasi kuwa za a kira su wutar yaudara. Aikinsu guda ɗaya ne tak: su ɗauke hankalin makami mai linzami da ke bin zafin injin jirgi, domin makamin ya bar jirgin ya bi su.

Hausawa na cewa yaƙi ɗan zamba ne. Wannan zamba kuwa an gina ta a kan dokokin kimiyya da ɗalibin sakandare ke karantawa a aji, wato dokokin zafi da haske a fiziks, da na ƙonewa a kemistiri, da kuma dabarun mafarauci da abin farauta a ilimin halittu. Kafin a gane yadda ake yaudarar makamin, dole ne a fara sanin abin da yake gani.

Hasken da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1800, wani masanin taurari mai suna William Herschel, haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Sai ya rinƙa sanya ma'aunin zafi a kan kowane launi don ya ga wanda ya fi ɗumi. Da ya gusar da ma'aunin gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin can ya fi na ko'ina. Ta haka aka gano cewa akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Masana na kiransa infared, wato abin da ke ƙasa da ja. Shi ne fata ke ji idan mutum ya zauna nesa kaɗan da murhu a lokacin hunturu, don haka za a kira shi hasken zafi.

Haske na tafiya ne tamkar igiyar ruwa, kuma kowane iri yana da tsawon zangonsa. Masu sauraren rediyo sun saba da wannan magana, domin tashar gajeren zango da ake kamawa a kan mita 49 tana amfani ne da igiya mai tsawon mita 49. Zangon haske ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba, shi ya sa ake auna shi da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na mita. Ido na ganin abin da ke tsakanin maikuromita 0.4 da 0.7. Daga 0.7 zuwa sama, nan ne hasken zafi ya fara.

Akwai dokoki biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ta farko ita ce wadda Wilhelm Wien ya fitar a shekarar 1893. Tana cewa kowane abu na fitar da haske gwargwadon zafinsa, kuma gwargwadon ƙaruwar zafin, gwargwadon gajartar zangon da hasken ya fi ƙarfi a kai. Lissafinta mai sauƙi ne: a raba 2,900 da zafin abin a ma'aunin Kelbin, amsar ita ce zangon a maikuromita. Ana samun Kelbin ta hanyar ƙara 273 a kan digirin Salsiyos. Fatar mutum, mai zafin kimanin digiri 33, wato Kelbin 306, ta fi haskakawa a wajajen maikuromita 9.5. Fuskar rana mai Kelbin kimanin 5,800 ta fi haskakawa a 0.5, a tsakiyar abin da ido ke gani. Bututun hayaƙin injin jirgi kuwa, idan ya kai digiri 600, wato Kelbin kusan 870, zai fi haskakawa a wajajen 3.3. Maƙeri ya san wannan doka a aikace, domin yakan gane zafin ƙarfe daga launinsa: ja, sannan ruwan lemo, sannan fari.

Doka ta biyu ta Josef Stefan da Ludwig Boltzmann ce. Tana cewa idan zafin abu a Kelbin ya ninka sau biyu, hasken da yake fitarwa zai ninka sau 16, wato 2 × 2 × 2 × 2. Wannan doka ita ce jarin wutar yaudara, kamar yadda za a gani nan gaba.

Macijin da Ya Ba Makami Suna

Tun kafin ɗan Adam ya ƙera na'urar ganin zafi, Allah ya hore wa waɗansu macizai wannan baiwa. A hamadar kudu maso yammacin Amurka akwai wani maciji mai ƙaraurawa a wutsiya, mai tafiya a karkace a kan rairayi, wanda ake kira Sidewinder. Shi da danginsa suna da wani ɗan rami a kowane gefen fuska, tsakanin ido da hanci. A cikin ramin akwai wani siririn tantani mai cike da jijiyoyi. Idan ɓera ya gifta cikin duhu, hasken zafin jikinsa kan ɗumama tantanin da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba, amma wannan ya isa ya sanar da ƙwaƙwalwar macijin inda abincinsa yake. A shekarar 2010 masu bincike a ɗakin gwajin David Julius da ke Kalifoniya suka gano furotin da ke wannan aiki, mai suna TRPA1. Mesa ta Afirka ma tana da irin waɗannan ramuka, jere a kan leɓɓanta. Kasa da kububuwa kuwa ba su da su.

Sunan wannan maciji aka laƙaba wa makamin da William McLean da abokan aikinsa suka ƙera a sansanin binciken sojojin ruwan Amurka da ke China Lake, a Kalifoniya. Makamin Sidewinder ya shiga aiki a shekarar 1956. An fara amfani da shi a yaƙi a watan Satumba na 1958, lokacin da jiragen F-86 na Taiwan suka kara da jiragen MiG-17 na ƙasar Sin. Ɗaya daga cikin makaman ya maƙale a jikin wani MiG bai fashe ba, ya kuma ƙarasa hannun Tarayyar Sobiyet, wadda ta kwaikwaye shi ta ƙera nata mai suna K-13.

Ba a daɗe ba aka rage girman irin wannan makami har ya zama soja ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa ya harbi jirgi daga ƙasa. Sobiyet ta fitar da Strela-2 a shekarar 1968, Amurka kuma ta fitar da Redeye, sannan Stinger a 1981. Daga nan ne jirage masu saukar ungulu da manyan jiragen dakon kaya, waɗanda ba su da gudu kuma suke tafiya ƙasa-ƙasa, suka shiga uku.

Yadda Idon Makamin Ke Aiki

A goshin makamin akwai wani ɗan ƙoƙon gilashi na musamman da hasken zafi ke iya ratsawa. Bayansa akwai madubai da ke tattara hasken su kai shi kan wata 'yar ƙwaya mai mayar da haske lantarki. A makaman farko, an yi wannan ƙwaya da haɗin darma da farar wuta, wato sinadarin da ke cikin dutsen tozali. Tana ganin zango na maikuromita 1 zuwa 3 ne kawai, don haka sai ƙarfe mai tsananin zafi take iya hangowa. Dole mai harbi ya tsaya ta bayan jirgi, inda bututun hayaƙi yake.

A gaban ƙwayar akwai wani ɗan faifai mai juyawa, wanda aka zana wa layuka baƙaƙe da farare kamar sifokin keke. Yayin da yake juyawa yakan yayyanka hasken da ke shigowa, ya zama yana ƙyaftawa. Daga yanayin wannan ƙyaftawa ne na'urar ke lissafa ko abin da take bi yana dama ko hagu, sama ko ƙasa, sai ta karkata fikafikan makamin ta can.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan makami bai san siffar jirgi ba. Bai san fiffike ba, bai san wutsiya ba. Umarni ɗaya ne a cikin kansa: bi abin da ya fi haske a gabanka. Shi ya sa makaman farko sukan saki jirgi su nufi rana, ko gajimaren da rana ta haska. Wanda duk ya san tambaya ɗaya tilo da abokin gabansa ke yi, ya sami hanyar ba shi amsar ƙarya.

Abin da Ke Cikin Wutar

Tun daga ƙarshen shekarun 1950, haɗin da aka fi amfani da shi wajen yin wutar yaudara shi ne wanda ake kira MTV, daga haruffan farko na abubuwa uku da ke cikinsa. Na farko shi ne magnisiyam, ƙarfen nan marar nauyi da malamin kemistiri kan ƙona siririnsa a aji ya ba da farin haske mai kashe ido. Na biyu shi ne Teflon, robar da ake shafa wa cikin kaskon suya don kada abinci ya kama, wadda Roy Plunkett ya gano a shekarar 1938. Na uku shi ne Viton, wata roba da ke riƙe haɗin ya zama dunƙule guda.

Ɗalibi zai yi mamakin abin da ya kawo robar kasko cikin wannan sha'ani. Dalili shi ne an gina Teflon da kabon da fulorin, magnisiyam kuwa yana da tsananin kwaɗayin fulorin. Da zarar an kunna haɗin, magnisiyam kan fizge fulorin daga jikin kabon, a sami magnisiyam-fulorayid, zafi mai yawa ya fita, har ya kai wajajen digiri 2,000. Kabon ɗin da aka bari shi kaɗai sai ya zama kunkunniya, irin baƙin da fitilar kananzir ke bari a gilashinta. Wannan kunkunniya tana da muhimmanci ƙwarai, domin baƙin abu ya fi kowane abu iya fitar da hasken zafi. Ragowar magnisiyam kuma ya ci gaba da ci a cikin iska, ya ƙara wa ƙwallon wutar girma.

A nan ne dokar Stefan da Boltzmann ke shigowa. Digiri 2,000 daidai yake da Kelbin kusan 2,270, wato ya ninka Kelbin 870 na bututun hayaƙi sau 2.6. Idan aka ninka 2.6 da kansa sau huɗu za a sami kimanin 45. Ma'ana, idan aka haɗa dukkan zangunan haske, kowane taki ɗaya na fuskar wutar yana fitar da ninki 45 na abin da taki ɗaya na bututun ke fitarwa. Ta haka ne dunƙulen da bai fi sandar sabulu ba yake iya dushe hasken injin babban jirgi.

Ana zuba kowane dunƙule a cikin kwanson alminiyam. Wani nau'i na Amurka mai suna MJU-7 yana da kaurin inci 1, faɗin inci 2, da tsawon inci 8. Na Sobiyet kuwa zagayayyu ne kamar harsashi, masu faɗin milimita 26 ko 50. Ana jera su da dama a cikin akwatuna masu ramuka kamar saƙar zuma a jikin jirgi. Lantarki ke tayar da wani ɗan albarushi a gindin kwanson, ya cilla dunƙulen waje ya kuma kunna shi, ya ci na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ya mutu.

Daƙiƙoƙin da Matuƙi Ke da Su

Makami irin Stinger ya ninka gudun sauti sau biyu. A ɗauka an harbo shi daga nisan kilomita 3, kuma matsakaicin gudunsa mita 500 ne a daƙiƙa. Ke nan daƙiƙa 6 kacal matuƙi ke da su tsakanin harbi da mutuwa. Bugu da ƙari, makami mai bin zafi ba ya aika wata igiya da za ta tona asirinsa, kallo kawai yake yi. Saboda haka ake girka wa jirage na'urorin gargaɗi masu hango harshen wutar da ke fita daga bayan makamin. Da sun hango, sai su yi ƙara a kunnen matuƙi, ko kuma su saki wutar yaudara da kansu ba tare da jiran umarninsa ba.

Akwai sharuɗɗa uku da dole wutar ta cika. Na farko, ta kama nan take. Idon makami tamkar leƙe ne ta cikin bututu, abin da yake gani bai wuce faɗin digiri kaɗan ba. Idan faɗin digiri 2 ne, daga nisan kilomita 2 filin da yake gani bai wuce mita 70 ba. Jirgin da ke gudun mita 250 a daƙiƙa zai bar dunƙulen a baya cikin ƙiftawar ido, domin iska na birki da ƙaramin abu da sauri. Idan wutar ba ta kai cikar haskenta ba tun tana cikin wannan fili tare da jirgin, makamin ba zai ma san an yi ta ba. Na biyu, ta fi jirgin haske. Na uku, ta ci gaba da ci har jirgin ya fice daga idon makamin. Shi kuma matuƙi yana da nasa aiki: ya rage wutar injinsa don haskensa ya ragu, ya kuma karya kwana da ƙarfi don ya nisanci dunƙulen.

Wani lokaci ba a jiran harbi. Bayan da mayaƙan Afganistan suka fara kakkaɓo jiragen Sobiyet masu saukar ungulu da Stinger a kusa da Jalalabad a watan Satumba na 1986, jiragen da ke sauka da tashi a Kabul sukan rinƙa zubar da wuta a jere tun kafin su ga kowa, domin su hana idon makamin kama su tun farko. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Ya kamata a bambanta wannan da wata dabara mai kama da ita. Makamin da rada ke jagoranta ba ruwansa da zafi. Shi ana ruɗa shi ne da ɓarɓashin alminiyam da ake watsawa a iska, dabarar da jiragen Ingila suka fara amfani da ita a kan birnin Hambag na Jamus a watan Yuli na 1943. Kowane ido da irin ƙaryar da ake yi masa.

Irin Wannan Dabara a Duniyar Halittu

Yaran da suka taɓa bin tsaka ko ƙadangare sun san abin da kan faru idan aka kama wutsiya: sai ta guntule ta faɗi tana mutsu-mutsu, mai ita kuwa ya tsere. A ƙasusuwan wutsiyar akwai wuraren da aka halitta domin karyewa cikin sauƙi, kuma jijiyoyinta kan ci gaba da motsa ta bayan ta rabu da jiki. Kyanwa ko tsuntsun da ke farautar yana bin umarni guda ne, wato kama abin da ya fi motsi. Wutsiyar ta cika sharuɗɗa ukun nan: ta fara motsi nan take, ta fi mai ita motsi, ta kuma daɗe har ya ɓuya.

A cikin teku, sikwid, wata halitta mai hannuwa goma, kan fesa dunƙulen baƙar tawada mai kama da girman jikinta, ta sauya launi ta sulale, kifi ya kai wa tawadar cafka. A shekarar 2009 kuma masana suka ba da bayanin wata tsutsa ta can ƙarƙashin teku mai suna Swima bombiviridis. Idan aka taɓa ta, takan saki waɗansu 'yan ƙwayoyi daga jikinta, su kama haske kore na 'yan daƙiƙoƙi a cikin duhu. Masanan na ganin cewa ɗauke hankalin mai farautarta take yi da su.

Har ila yau, a shekarar 2007 wani bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa kuregen yankin, idan ya yi arba da maciji mai ƙaraurawa, yakan tura jini cikin wutsiyarsa ta yi ɗumi, yana kaɗa ta. Idan kuwa macijin da ba ya ganin zafi ne, zai kaɗa wutsiyar amma ba ya ɗumama ta. Wato kuregen na aika wa maƙiyinsa saƙo da hasken da shi kansa ba ya gani.

Makami Ya Koyi Wayo

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Masu ƙera makamai sun zauna sun duba inda wutar yaudara ta bambanta da jirgi, suka kuma sami wurare huɗu.

Na farko shi ne launi. Bisa dokar Wien, wuta mai Kelbin 2,270 ta fi haskakawa a wajajen maikuromita 1.3, nesa da 3.3 na bututun hayaƙi. Daɗin daɗawa, hayaƙin injin jirgi na ɗauke da iskar kabon-dayokzaid mai zafi, wadda ke haskakawa sosai a wajajen 4.3. Da aka koma amfani da ƙwayar indiyam-antimonayid, wadda ake sanyaya ta zuwa kusan digiri 200 ƙasa da sifiri, makami ya sami ikon ganin zango na 3 zuwa 5, har ya zama ana iya harbin jirgi ta gaba, kamar yadda jiragen Ingila suka yi da Sidewinder samfurin AIM-9L a yaƙin tsibiran Fokland na 1982. Daga nan aka sanya wa makami ƙwaya biyu, kowace da zangonta, kamar a Igla na Sobiyet. Idan abu ya fi haske a gajeren zango, makamin ya san wuta ce. Zafin da ya kasance ƙarfin wutar yaudara, shi ne kuma ya zama abin da ke tona mata asiri.

Na biyu shi ne saurin kamawa, domin injin jirgi ba ya ninka haskensa cikin rabin daƙiƙa. Na uku shi ne tafiya: jirgi na ci gaba, dunƙule kuwa yana ja baya yana faɗuwa. Na huɗu shi ne siffa. Sidewinder samfurin AIM-9X, wanda ya shiga aiki a shekarar 2003, yana da ƙwayoyi 128 sau 128, wato 16,384, masu ɗaukar hoto sosai kamar kyamara, don haka yana iya bambanta ɗigon wuta da jikin jirgi.

Masu kare jirage su ma ba su yi barci ba. Sun ƙera wutar da ke fitar da kabon-dayokzaid mai yawa da kunkunniya kaɗan, domin launinta ya yi kama da na hayaƙin inji. Sun ƙera mai ɗan injin roka da ke tura ta gaba ta jera da jirgin. Sun kuma ƙera waɗansu siraran fallayen ƙarfe da aka sarrafa yadda da sun haɗu da iska sai su yi tsatsa nan take. Tsatsa ita ma ƙonewa ce, sai dai a hankali. Idan aka gaggauta ta, fallayen kan yi zafi su zama wani gajimare mai ɗumi wanda ido ba ya cika gani. Akwai kuma na'urar da ke auna idon makamin da hasken leza ta rikita lissafinsa. Har yanzu babu wanda ya yi nasara ta dindindin. A ranar 18 ga Yuni, 2017, wani jirgin F/A-18 na Amurka ya harbi Su-22 na Siriya da AIM-9X, makamin ya kuskure, rahotanni da dama kuma suka danganta hakan da wutar da tsohon jirgin ya saki. Sai da makami mai bin rada aka kakkaɓo shi.

Masana ilimin halittu sun san irin wannan tsere. Barewa na ƙara gudu saboda mai farautarta, mai farautar na ƙara gudu saboda barewa, zuriya bayan zuriya.

Jiragen Fasinja da Nahiyar Afirka

Jirgin fasinja ba ya iya karya kwana kamar na yaƙi, kuma mafi yawansu ba su da wata kariya. Afirka ta ɗanɗana kuɗar wannan. A watan Satumba na 1978 da Fabrairu na 1979 an harbo jiragen fasinja biyu na Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, da Strela-2. A na biyun duk mutum 59 da ke ciki sun rasu. A ranar 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin da ke ɗauke da shugabannin Ruwanda da Burundi yana shirin sauka a Kigali, abin da ya zama mafarin kisan ƙare dangin Ruwanda. A watan Nuwamba na 2002 an harba makamai biyu kan wani jirgin fasinja na Isra'ila da ke tashi daga Mombasa ta Kenya, amma suka kuskure. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa Libiya ta tara irin waɗannan makamai na kafaɗa kimanin 20,000, abin da ya tayar da hankalin ƙasashen Sahel don gudun kada su bazu.

Bayan harin Mombasa, Isra'ila ta girka wa waɗansu jiragen fasinjanta wutar yaudara, amma aka nuna damuwa a Turai kan haɗarin gobara a kusa da filayen jirage, daga baya kuma ta koma ga na'urar leza. Damuwar tana da tushe. Dunƙulen da ya faɗo ƙasa yana ci zai iya cinna wa daji ko rufin gida wuta, shi ya sa ake ƙayyade wa matuƙa tsayin da za su sake shi a lokacin atisaye. Wutar magnisiyam kuma ruwa ba ya kashe ta, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. Duk wanda ya tsinci kwanso ko dunƙule irin wannan a gona ko daji, kada ya taɓa shi. Ya nisanta, ya sanar da hukuma, domin ɗan tartsatsi ko gogayya na iya tayar da shi.

Gwaji a Aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai hasken da ba a gani ba tare da wani haɗari ba. A sami rimot na talabijin da wayar hannu mai kyamara. A danna maɓallin rimot ana kallon ɗan ƙwan da ke bakinsa: ido ba zai ga komai ba. A sake dannawa ana kallo ta cikin kyamarar: a wayoyi da yawa za a ga ƙwan yana ƙyafta haske, domin kyamarar na ganin zangon maikuromita 0.94 da rimot ke fitarwa.

Gwaji na biyu: a rufe wa ɗalibi ido, a ajiye kofi biyu na ƙarfe a gabansa, ɗaya da ruwan ɗumi, ɗaya da ruwa mai zafi sosai. A ce ya matso da bayan hannunsa, ba tare da taɓawa ba, ya nuna inda ɗumi yake. Zai nuna mai zafin, ya manta da ɗayan. Ya yi daidai abin da makamin farko ke yi.

Kammalawa

Wutar yaudara ba ta ɓoye jirgi. Jirgin yana nan da zafinsa, sai dai an ajiye wa makamin wani abu da ya fi dacewa da umarnin da ke cikin kansa. Muddin tambayar makamin ɗaya ce, dunƙulen magnisiyam ya isa ya ceci ran matuƙi da na waɗanda ya ɗauko. Da aka koya masa tambayar launi, da ta tafiya, da ta siffa, sai ya zama dole ƙaryar ta yi kama da gaskiya ta kowace fuska. Ɗalibin da ya riƙe dokar Wien da ta Stefan da Boltzmann ya riƙe mabuɗin wannan fanni, kuma da waɗannan dokoki ne ake ƙera ma'aunin zazzaɓi da ake nuna wa goshi a asibiti, da kyamarar da 'yan kwana-kwana ke neman mutane da ita a cikin hayaƙi, da tauraron ɗan Adam mai hango gobarar daji.

Tambayoyi

1. Wani ƙarfe ya yi zafin digiri 727 a ma'aunin Salsiyos. A wane zango haskensa zai fi ƙarfi?
2. Idan zafin abu a Kelbin ya ninka sau uku, sau nawa haskensa zai ninka?
3. Me ya sa kunkunniya ke da amfani a cikin wutar yaudara, kuma ta yaya zafin wutar ke tona mata asiri?
4. Kawo kamanni uku tsakanin wutsiyar tsaka da wutar yaudara.
5. Me ya sa wutar yaudara ba za ta yi tasiri a kan makamin da rada ke jagoranta ba?